Gaisuwar Sallah daga Edmonton zuwa Jekadafari

Edmonton, Kanada
Lahadi, 1 ga Shawwal 1446, 30 ga Maris 2025

Hamma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ka durƙusa mini gaban Baffa da Dada ka isar da gaisuwata, haka Goggo ta Tumfure, da Adda da yaranta, da uwargidanka. Mu nan duk lafiya lau, ni da mai ɗakina da 'ya'yanka. Ka sha yi mini ƙorafi cewa in na kira, kafin ka yi tambaya ta biyu yara sun ƙwace wayar. Shi ya sa na zauna in rubuto maka da tsawo. Ka karanta wa su Baffa abin da ya dace, sauran ka riƙe.

Na san kun sha azumin bana cikin zafin Maris na Gombe, ga wuta sai ta ga dama. Mu ƙishirwa ba ta dame mu ba, agogo ne ya yi mana wasa. A nan ranar Lahadi ta biyu ta Maris ake tura shi gaba da awa ɗaya, bana ta faɗo 9 ga wata. Jiya ka sha ruwa wajen shida da rabi, yau sai bakwai da rabi. Yinin bai ƙaru da awa ba, amma ciki ba ya jin wannan bayani. A goman ƙarshe sai kusan takwas muke buɗa-baki.

Idi a rufaffen zaure muka yi shi, kowa da babbar riga a ƙarƙashin jibgegiyar rigar sanyi, don a makon nan ma dusar ƙanƙara ta sake zuba. Musulmin garin nan ba baƙi ba ne. Masallacin farko da aka gina a duk Kanada a nan yake, Al Rashid, tun 1938. 'Yan asalin Lebanon ne suka gina shi, matansu ne kuma suka tashi tsaye wajen tara kuɗin. Sai dai ana sallamewa kowa ya nufi motarsa. Ba doki, ba algaita, ba yara masu yawon barka da Sallah gida-gida. In an yi hawa ka turo wa yaran nan bidiyo, ƙaramar har yanzu gani take ƙarin gishiri nake yi in na ba ta labarin kwalliyar dawakin fada.

Sanyin nan kuwa, hunturun da muke hura wuta a tsakar gida ɗan aikensa ne. A Fabrairu ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Mota sai ka jona ta da lantarki ta kwana, akwai wata waya da ke leƙowa ta gabanta don ɗumama injin, in ba haka ba da safe ko tari ba za ta yi ba. Hanyar ƙafa ta ƙofar gidanka kai za ka share da shebur, ka bari a kai ƙararka ka biya tarar dala 100. Duk wannan jiki ya saba. Abin da bai sabu ba duhu ne da kaɗaici. A Disamba rana ba ta fitowa sai kusan tara, huɗu da 'yan mintoci ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin aiki suke samuna. Babu majalisar bakin titi, babu teburin mai shayi, babu mai yi maka sallama bai buga waya ba tukuna. Mutanen kirki ne, akwai wani dattijo maƙwabcina da kan share mini ƙofar gida da injinsa tun ban farka ba, amma har yau bai taɓa ƙetare dokin ƙofata ba, ni ma ban ƙetare tasa ba.

Dare ɗaya na ga unguwarmu ta barke da ihu, 20 ga Fabrairu. Wasan hoki ne na kan ƙanƙara, Kanada ta doke Amurka 3 da 2 a Boston, kuma Connor McDavid, kyaftin ɗin ƙungiyar garin nan, shi ya ci ta ƙarshe. Ni ko ƙwallon ba na iya gani don ƙanƙanta da gudunta, amma na yi tsalle tare da babban ɗanka. Ihun ba na wasa kaɗai ba ne. Donald Trump ya yi ta cewa Kanada ta zo ta zama jiha ta 51 ta Amurka, yana kiran Firaminista gwamna, ya kuma ɗora harajin kashi 25 cikin 100 kan kayan ƙasar. Mutanen nan masu yawan ba da haƙuri sai ga su suna juya kwalin kaya a kanti, in na Amurka ne su mayar.

Ga abin da nake so ka duba, kai mai son siyasa. Justin Trudeau tun 2015 ya hau kujerar Firaminista. Tsadar haya da ta abinci suka sa jama'a suka gaji da shi, ministar kuɗinsa ta ajiye aiki a Disamba, 'yan jam'iyyarsa suka fara ce masa ya isa. Ranar 6 ga Janairu ya fito ya ce zai sauka. Ba kotu, ba 'yan daba, ba tawagar dattawa masu zuwa roƙonsa ya zarce. Mark Carney, wanda a garin nan ya taso, ya kuma shugabanci babban bankin Kanada da na Ingila, ya karɓa ranar 14 ga Maris, ko kujerar majalisa ba shi da ita. Kwana tara ya kira zaɓe, za a yi 28 ga Afrilu. Pierre Poilievre na 'yan adawa, da kowa ya gama ba shi, yanzu neman kai yake. Ni ba ni da ƙuri'a a nan, kuma ban ce 'yan siyasarsu waliyyai ba ne. Harajin hayaƙi da jam'iyyar Carney ta shekara da shekaru tana karewa, ranar da ya hau ya soke shi a kan mai da gas ɗin gida, don ya ga zai cinye su a akwati. Tsoron mai zaɓe ne ya sa shi, ba tausayi ba. Wannan tsoron nake yi mana sha'awa.

Dubi namu. Ranar 18 ga watan nan Shugaba Tinubu ya dakatar da Gwamna Fubara na Ribas da mataimakiyarsa da majalisar jihar na wata shida, ya ɗora tsohon hafsan sojan ruwa. Tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya sun amince, su kuwa da murya suka yi, masu eh da masu a'a. Ta yaya kunne ke ƙirga kashi biyu cikin uku? Na san za ka ce ina ruwan ɗan Jekadafari da Fatakwal. Ruwanmu shi ne ƙofar da aka buɗe jiya a can ba a rubuta Ribas kaɗai a jikinta ba.

Batun dokar haraji kuma, na yarda Gwamna Inuwa Yahaya da takwarorinsa na Arewa sun yi daidai da suka taru a Kaduna a Oktoba suka ƙi tsarin rabon VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, da zai ba da kashi 60 ga inda aka tara kuɗin. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kason jihohi ya ƙaru, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 900. Ina son in ga an tashi da irin wannan zafin nama kan yaran da ba sa makaranta da asibitocin ƙauye, ba sai an taɓa rabo ba. Wannan sashen kada ka karanta wa Baffa, ka san inda ya tsaya. Labarin mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo suna hanyar zuwa gida yin Sallah shi ma ya iso mu, an yi musu addu'a bayan idi. Allah Ya jiƙan su, Ya sa a hukunta masu hannu a ciki.

Ka gaya wa Adda ƙanwarta mai ɗakina ba ta bari fim mai dogon zango ya wuce ta a YouTube, ni kuma ba na hanawa, don a nan yaran ke tsintar Hausar da makaranta ke goge musu. Ƙorafina ɗaya, kowane labari gidan mai kuɗi ne da rikicin kishiyoyi, kamar babu manomi ko malamin firamare a Arewa. Tunda an ba Ali Nuhu hukumar fina-finai ta ƙasa a farkon 2024, ya kamata a fara ganin bambanci. Babban ɗanka shi kuma faɗan mawaƙan nan biyu, Drake da Kendrick Lamar, ya ɗauka a ka, wai dole ya goyi bayan Drake tunda ɗan Toronto ne. Na ce masa in habaici da zambo yake so, mawaƙan siyasar gida sun riga su, su har da mota ake biyan su.

Sai maganar Auta. Na ga saƙonsa, na kuma ga hotunan da yake turo mini na masu rawa cikin ƙanƙara a TikTok. Ba na hana shi zuwa, amma ya san ƙofa ta ƙuntata. A Janairun 2024 aka ce ɗalibi sai ya nuna dala 20,635 ta Kanada ta zaman shekara, ban da kuɗin makaranta, a da 10,000 ce. An ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, masu samun izinin zama na dindindin ma an rage su zuwa 395,000 bana daga 500,000 da aka tsara. Duk ɗan takarar da ya ci a Afrilu, ban ga alamar zai sassauta ba. Don Allah kada a sayar da gonar Dadin Kowa a miƙa wa wani dillalin biza. Ya gama bautar ƙasa, ya rubuta jarrabawar Turanci, ya nemi gurbin digiri na biyu da hannunsa, ni zan duba masa takardun.

Na turo goron Sallah ta asusunka. Ka fara cire na maganin Dada, ka ba Goggo nata a hannu, sauran ka raba wa yara. In ka samu mai tahowa, a saka mana kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Kilishi kam a bar shi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.

Ku sa mu a addu'a.

Naka,
Ƙaninka