Me ya sa 'yan mata ke gudun maganin kariya daga ƙanjamau?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan PrEP, ƙwayar nan da ake sha kullum don kariya daga cutar ƙanjamau. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita ga duk wanda ke cikin haɗari, amma 'yan matanmu da yawa ko labarinta ba su ji ba, waɗanda suka sani kuma tsoro suke.

Robar maganin kamar ta masu cutar take, in uwa ko miji ya gani a jaka shikenan an yanke mata hukunci, wata ma auduga take cusawa ciki kar ƙwayoyin su yi ƙara. Sai asibiti, yarinya ta daure ta kashe kuɗin mota ta je, ma'aikaciya ta kalle ta sama da ƙasa tace ke da ba ki da aure me za ki yi da shi? Wallahi ba za ta koma ba. Alhali har matan aure da mazansu ke ɗauke da cutar suna buƙatarsa.

Yanzu akwai allurar kariya daga cutar mai suna lenacapavir, ana yin ta sau 2 a shekara. Muna roƙon hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa, wato NACA, ta kai ta ƙananan asibitoci, a kuma ja wa ma'aikata kunne kan riƙe sirri.

Taku,
Mai karatu daga Kano