Kafin a tura ɗalibi karo ilimin tauhidi a ƙasar waje

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin matasan da ke neman tallafin karo ilimin tauhidi a matakin digiri na biyu da na uku, tare da shugabannin ikilisiyoyin da ke tura su. Sau da yawa makaranta takan karɓi ɗalibi har ta ba shi tallafi, amma tafiyar ta wargaje a hanya. Abin da ke jawo haka sananne ne, kuma ana iya kauce masa.

Yawancin tallafin da makarantun tauhidi ke bayarwa kuɗin karatu kawai yake ɗaukewa, ko ma wani kaso daga ciki. Haya, abinci, inshorar lafiya, littattafai da tikitin jirgi suna wuyan ɗalibi. A Amurka, makaranta ba za ta fitar da takardar I-20 ba, wadda da ita ake neman biza, sai ɗalibi ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe shi shekarar farko cur, bayan an cire abin da tallafin ya biya. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Wasu sukan ce idan sun isa za su yi aiki su cike giɓin, to amma bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 kacal a mako ta yarda a yi lokacin karatu, kuma a cikin harabar makaranta. Matar da ta bi mijinta da bizar F-2 ba ta da izinin aiki ko kaɗan. Tallafin gwamnatin tarayya da ake nema ta fom ɗin FAFSA na 'yan ƙasa ne da wasu rukunin mazauna, ɗalibin da ya zo da biza ba ya ciki. Ko kuɗin zaman da makaranta ta bayar ana iya cire masa harajin kashi 14 cikin ɗari. A Birtaniya kuwa, dole kuɗin ya kwana 28 a jere cikin asusu kafin a nemi biza, kuma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya zuwa da iyalinsa, sai dai mai karatun bincike.

Magana ta biyu ita ta fi damuna. Masu ba da tallafin tauhidi ikilisiya suke dubawa kafin su dubi ɗalibi. Shirin Langham, wanda John Stott ya assasa a 1969, yana ɗaukar nauyin masu digiri na uku ne da nufin su koma gida su koyar, haka ma ƙungiyar ScholarLeaders. Don haka suna son ganin makaranta ko ikilisiyar da ke jiran mutumin da aiki. A cocin Katolika, limami ba ya tafiya karatu Roma sai bishop ɗinsa ko shugaban ƙungiyarsa ne ya tura shi. Amma sai ka ga shugaban ikilisiya ya rubuta wa masu tallafin takarda mai layi uku yana cewa yaron kirki ne mai tsoron Allah, ya buga hatimi. Wannan ba ta isa ba. Takarda mai amfani takan faɗi shekarun da ya yi yana hidima, darasin da zai koyar idan ya dawo, dalilin da ya sa ake buƙatar wannan fanni, da adadin kuɗin da ikilisiya ta ɗauki alkawarin bayarwa kowace shekara. Akwai makarantun da ke ƙara nasu a kan abin da ikilisiya ta bayar, har zuwa wata iyaka, saboda haka ko kaɗan ne a rubuta shi.

Sai batun takardu. Idan makarantar da aka yi digirin farko ba ta da amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa ko ta ACTEA, mai tantance makarantun tauhidi a Afirka, ana iya ƙin karɓar shaidar gaba ɗaya. Ita ma makarantar da za a je a bincika; a Amurka da Kanada ƙungiyar ATS ce ke tantancewa. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL shekara 2 yake aiki. Mai son bincike a Littafi Mai Tsarki ya tabbata Helenanci da Ibrananci suna cikin takardar sakamakonsa, in ba haka ba za a sa shi ƙarin darussa waɗanda tallafin ba lallai ya biya ba. Makarantu da yawa suna rufe neman tallafi tun Janairu ko Fabrairu ga masu farawa a Agusta ko Satumba, don haka a fara shiri shekara guda kafin nan.

A karanta sharuɗɗan sabunta tallafin kafin a sa hannu. Galibi sai an ci gaba da cikakken karatu kuma maki bai faɗi ƙasa da wani mataki ba. Ɗalibin da ya rage darussa domin neman abin da iyali za su ci yana iya rasa tallafin da bizar a lokaci guda.

Ina roƙon majalisun ikilisiyoyi su ware kaso a kasafin shekara domin wannan, su zaɓi wanda za a tura tun da wuri, su kuma yanke shawara a rubuce kan wanda zai riƙe matarsa da 'ya'yansa tsawon shekara 3 ko 4. Idan kuɗin bai kai ba, a duba makarantun Afirka da ACTEA ta amince da su kafin a ci bashi.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani malamin tauhidi