Amsa ga Baba Alhaji: a sassauta mana takarda, amma a bar dokar abin da ke cikin kwalba

Assalamu alaikum Baba,

Ranar taron ƙungiya ka miƙe gaban jama'a ka ce min, ke da kullum kike kukan haraji da lasisi, to in wata annoba ta sake zuwa irin korona me zai hana gwamnati ta ɗage wa 'yan kasuwa dokokin nan gaba ɗaya har ƙura ta lafa? Na yi shiru ranar don ban saba ja da babba a bainar jama'a ba, amma tambayar ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in rubuto kowa ya gani tunda a gaban kowa aka yi ta.

Baba ni fa ina cikin waɗanda kullen nan ya gasa wa aya a hannu. Afrilun 2020 aka rufe Kano ana saura kwanaki kaɗan azumi, sannan ranar 27 ga wata Buhari ya ƙara sati biyu, daga baya aka ce a fito Litinin da Alhamis kawai. Ina da jarkoki goma sha ɗaya na sabulun ruwa a soro, kuɗin adashi na zuba a ciki, yarana biyu masu ɗura kwalba suna zaune ba aiki kuma ban iya cewa su tafi ba don ɗayan shi ke ciyar da mahaifiyarsa. A cikin wannan halin wani mai rasit ya ƙwanƙwasa min ƙofa wai kuɗin shago. Shagon da yake rufe! Wallahi sai da na yi hawaye bayan ya tafi. To irin wannan kam a ɗage shi, a ɗage tara, a ƙara wa'adin sabunta lasisi, a kori masu tare motar tumatir a hanya alhali an ce kayan abinci su wuce, har kwando ya ruɓe tun bai kai 'Yankaba ba.

Kuma an taɓa yi ai, ba mafarki nake ba. Babban bankin ƙasa ya sauke ruwan basussukansa na tallafi daga kashi 9 zuwa kashi 5 ya ba da shekara guda kafin a ci gaba da biya. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta rage wa ƙananan masu sana'a kashi 80 na kuɗin rajista na wata shida. An ware rajistar sunan kasuwanci kyauta guda 250,000 a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Damuwata ɗaya ce, yawancinsu sai ta intanet, mata nawa ne a unguwarmu suke da data da wanda zai cike musu fom? Da yawa sai da aka gama suka ji labari. Da a rediyo aka yi ta shela da Hausa, aka sa tebur a ƙofar mai unguwa, da abin ya kai ga masu shi.

Amma inda na rabu da kai shi ne kalmar nan gaba ɗaya. Ka tuna yadda sanitaiza ta yi tsada a lokacin, kowa ya zama mai haɗawa. Na riƙe wata kwalba da hannuna, ruwa ne da kala da ɗan turare, ko ƙamshin sipirit babu, alhali in alkohol ɗin bai kai kashi 60 ba aikin banza ne, mutum zai shafa ya ɗauka ya tsira ya je ya rungumi tsohuwarsa. Wasu ma metanol suke sawa don ya fi araha, kuma guba ne, yana makantarwa yana kisa. Ni na san wannan don sana'ata ce, mai saye ina zai sani? Lambar NAFDAC da ke jikin kwalba ita ce kawai idonsa.

Ba ma sai mun je nesa ba. A Maris ɗin 2021 a nan Kano garin ɗan tsami da na lemo marasa kyau suka shiga kasuwa, ɗaruruwa suka kwanta asibiti wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Wannan fa da dokar a tsaye kenan. Ina ga an ce an ɗage ta, a lokacin da gadajen asibiti sun riga sun cika?

Na san da kyakkyawar niyya ka yi maganar Baba, kai ma rumfarka wata nawa ta yi a rufe. Roƙona shi ne a zama na gaba mu rubuta wa gwamnatin jiha takarda tun ana zaune lafiya, a fayyace kuɗaɗen da za a daina karɓa kai tsaye duk ranar da aka sa dokar kulle, kada sai mun je muna roƙo, mu kuma mu sa hannu cewa masu duba kaya su shigo ko da tsakar dare ne. Zan zo da rasitaina na shekarar, har da na mutumin nan, yana nan cikin leda ban yar ba.

A gaida Hajiya da yara.

'Yarka, mai sabulun ruwa.