Tsofaffin Mujallun Da Ke Cikin Akwatunanmu Suna Mutuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da mutanen Kano da ke da tsofaffin mujallu masu hoto da ƙananan littattafan labari jibge a akwati ko ƙarƙashin gado. Muna nufin irin su African Film, mujallar nan mai labarin jarumi Lance Spearman da kamfanin Drum ya soma fitarwa a 1968, da Ikebe Super da Wale Adenuga ya kafa a 1976, da fitowar farko-farko ta mujallar Fim da ta fara a watan Maris na 1999, da littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 waɗanda garin nan ne mahaifarsu. An buga su da yawa, an sayar da araha, shi ya sa kowa ya ɗauka wani zai adana. Yau kuwa wanda ke da jerin lambobi goma na fitowar mujalla guda a jere, cikakku, ya yi wuyar samu. Da yawa sun ƙare a hannun masu ƙosai da masu gyaɗa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne takardar da kanta take cin kanta. An yi ta ne da niƙaƙƙen icce ba tare da an cire sinadarin da ake kira lignin ba, don a rage kuɗin bugu. Idan haske da zafi suka taɓa shi sai takardar ta yi ɗorawa, sannan ruwan ƙasa, daga nan ta riƙa karyewa a gefe ko ba a taɓa ta ba. Ba a iya mayar da ita fara, iyaka dai a rage saurin lalacewar. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin, a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, shi ne mafi munin wurin ajiya. A zaɓi ɗakin ciki mafi sanyi, wanda rana ba ta shiga.

Yanayin Kano kuma duka biyu yake yi wa takarda. A damina, musamman Agusta, laima kan wuce kashi 65 cikin ɗari, kuma daga nan fumfuna ke tsirowa, ƙarfen sitefula ya yi tsatsa. Da hunturu sai ta bushe ƙarau, ga ƙura. Saboda haka lokacin shirya ajiya shi ne Nuwamba zuwa Disamba, bayan laima ta tafi. Wanda ya rufe mujalla a leda cikin damina, ya kulle danshi ne tare da ita.

Ga yadda ake yi. A share ƙura da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa waje, hannu a wanke kuma a bushe. Kowace mujalla ta shiga ledarta ita kaɗai. Ledar fayil mai haske, mai ƙarar kacau-kacau, marar wari, ita ce ta dace. Mai laushin nan mai warin roba tana fitar da maiƙo, tawada ta manne mata, ranar da aka zaro sai rabin bango ya biyo ledar. A bar bakin ledar a ninke kawai, kada a liƙe. A kwantar da su kwance, kada su wuce goma sha biyar zuwa ashirin a tsibi ɗaya, ana juya bayan kowace ɗaya hagu da dama don kada tsibin ya karkata ya lanƙwasa na ƙasa. Akwatin ƙarfe ya fi kwali saboda gara da ɓera, amma a ɗora shi kan kanta ta ƙarfe, aƙalla taki guda daga ƙasa, kuma kada ya jingina da bango, domin ta bango gara ke hawowa. A jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a fesa fiya-fiya a kan takarda, tabon mai yake bari wanda ba ya fita.

Amma maganar gaskiya, ɓarnar da ta fi ba mu takaici ba ta gara ba ce, ta masu gyara ce da kyakkyawar niyya. Salatif shi ne na farko. Bayan 'yan shekaru ledarsa takan ɓare ta faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar zane mai ruwan ƙasa, har rubutun bayan shafi ya riƙa bayyana ta wurin. Na biyu laminashan: zafi da gam ne ake gasa wa takarda, kuma ba a warware shi har abada. Na uku kai wa masu ɗinkin littafi su haɗa lambobi ashirin wuri guda, su datse gefe da injin yanka. Lambar fitowa da kwanan wata sukan tafi a wannan yankan. Idan shafi ya yage, a sa guntun cikin ninkakkiyar farar takarda a bar shi a gurbinsa. Kada a shafa masa koko ko sitaci, kiran kyankyaso ne. Ƙarfen sitefula kuwa a bar shi in lafiyarsa ƙalau. Sai in tsatsa ta fara yaɗuwa za a buɗe tsakiyar mujallar, a ɗaga ƙafafunsa da bakin wuƙa marar kaifi, a zare ta baya, a ɗinke da farin zaren auduga ta hujin da ke nan.

Idan ruwa ya shiga, kwana biyu kawai ake da shi kafin fumfuna. A raba shafuka da farar takarda, ana sauyawa, a kunna fanka a inuwa. Kada a shanya a rana. Bango mai sheƙi a raba shi tun yana jiƙe, in ya bushe a manne shi ke nan.

Ga mai saye, a ƙirga shafuka kafin a biya. Mujallar da aka ɗinke ta tsakiya shafukanta huɗu-huɗu suke tafiya, kuma fallen tsakiya ne ya fi ɓacewa, saboda nan hoton da yara ke cirewa su manna a bango yake. A shinshina ta. Warin rima alamar fumfuna ce, kuma za ta harbi sauran.

Akwai masu jin labarin cewa an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1, na 1938, wanda Superman ya fara fitowa a ciki, dala miliyan 6 a 2024, sai su ɗauka duk tsohuwar mujalla dukiya ce. Wannan kasuwar Amurka ce, mai kamfanonin da ke auna lafiyar kowane kwafi daga maki 0.5 zuwa 10. Namu ba su da irin wannan farashi, kuma ba don shi muke magana ba. A cikinsu ne ake ganin Hausar da matasa ke yi a lokacin, da tallace-tallace, da farashin kaya, da sunayen maɗaba'un da suka daɗe da rufewa.

Don haka duk mai su ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa mai haske, ba tare da danne bayan littafin a kan injin fotokwafi ba, ya rubuta suna da lamba da shekara da maɗaba'a a littafi guda. Muna kira ga Laburaren Murtala Muhammad da Jami'ar Bayero su ware wuri na karɓar irin waɗannan daga magada kafin a auna su a kilo. Kai kuma, ya Edita, da za ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata inda masu tarawa za su sanar da lambobin da suke da su da waɗanda suke nema, da jeri da yawa sun cika.

Wassalam.

Daga wasu masu tara tsofaffin mujallu,
Birnin Kano.