Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sanata Bukola Saraki, Wazirin Ilori

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A 2022 mun ga ka sayi fom ɗin takarar shugaban ƙasa na PDP na naira miliyan 40, mun kuma ji wasu dattawan Arewa ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi sun fitar da sunanka da na Gwamna Bala Muhammad na Bauchi a matsayin 'yan takarar masalaha. To Allah ya sanya alheri. Ni ɗan APC ne, gara in faɗa tun yanzu kafin yaranka na Facebook su tono, kuma ƙuri'ata na cikin waɗanda suka kai jam'iyyar da ka hau ka zama shugaban majalisar dattawa a 2015, saboda haka ina da bakin magana.

Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki waya na fara rubutu, batun dokar fanshon tsofaffin gwamnonin Kwara. Ka san ta fiye da kowa tunda kai ka sa mata hannu a 2010, saura 'yan watanni ka sauka daga kujerar gwamna. Dokar ta ce a gina wa tsohon gwamna gida, a ba shi motoci a riƙa sauya masa duk bayan shekara uku, a ba shi kuɗin kayan ɗaki ninki uku na albashinsa, ga masu yi masa hidima, ga jami'an tsaro, ga magani kyauta, duk daga aljihun jihar da ke jiran kason Abuja kowane wata kafin ta biya albashi. Yallaɓai wa aka yi wa wannan dokar? Wane gwamna ne yake shirin sauka a lokacin? Haba dai.

Da a ce wani ɗan talaka ne da ya yi ta faɗi tashi har Allah ya kai shi gidan gwamnati, yake tsoron kar ya koma gidan jiya, da sai mu ce laifi ne amma mun gane tsoron da ya kawo shi. Kai fa? A Landan aka haife ka a 1962. Ka yi King's College ta Legas, daga nan aka ɗauke ka zuwa Cheltenham a Ingila, ka karanta likitanci a Landan ɗin dai, ka ɗan taɓa aikin asibiti a can, da ka dawo gida kujerar darakta na jiran ka a bankin Societe Generale na mahaifinka. A 2000 Obasanjo ya ɗauke ka mai ba shi shawara kan kasafin kuɗi. A 2003 marigayi Oloye Olusola Saraki, Allah ya jiƙansa, wanda tun zamanin Adamu Atta a 1979 kusan ba a yin gwamna a Kwara sai da amincewarsa, ya ɓata da Gwamna Muhammad Lawal, ya ce wannan karon ɗansa ne, kuma haka aka yi. 'Yar'uwarka Gbemisola tana majalisar dattawa a lokacin da kake gwamna. Gida ɗaya kenan. Ba na jin haushin arzikin gidanku wallahi, Allah ne ya ba ku, ba wanda ya zaɓi inda za a haife shi. Amma mutumin da bai taɓa bin layin neman aiki da takardu a leda ba, bai taɓa jiran albashi ya ga wata ya mutu wani ya kama ba a biya ba, shi ne kuma ya ga ya dace jiha ta ci gaba da saya masa mota har ƙarshen rayuwarsa?

Za ka ce ai ka daina karɓa. E, mun ji, a 2017 ka faɗa da bakinka cewa ka rubuta wa gwamnatin jihar ta dakatar da biyan ka, bayan ƙungiyar SERAP mai fafutukar yaƙi da rashawa ta tayar da maganar tsofaffin gwamnonin da ke cin fansho suna kuma cin albashin majalisa. Wanda ya ce a daina ba shi, ai ana ba shi kenan. Kuma tun 2011 ka zama sanata. Shekarun nan ne fa malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomin Kwara suke kukan bashin albashi a ƙarƙashin Abdulfatah Ahmed, gwamnan da kai ka kawo, har ka saɓa wa mahaifinka a kansa. Kana da ikon ɗaga waya sau ɗaya majalisar jihar ta soke dokar gaba ɗaya, ba ka yi ba. Sai da mutanen Kwara suka yi muku “O to ge” a 2019, wato ya isa haka, Ibrahim Oloriegbe ya kayar da kai a mazaɓarka kana kan kujerar shugaban majalisar dattawa, sannan gwamnatin AbdulRahman AbdulRazaq ta soke ta a farkon 2021. Don Allah ka duba wannan jerin da kyau, domin shi za mu riƙa tuna wa mutane duk inda ka je kamfe.

Maganar kotun ɗa'ar ma'aikata ba zan taɓa ta ba, Kotun Ƙoli ta wanke ka a 2018, shi kenan an wuce wurin. Amma ranar 9 ga Yuni 2015 ba ta buƙatar alƙali. Sanatocin jam'iyyarka ta lokacin, APC, suna babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa suna jiran ganawa da Buhari, kai kana zauren majalisa da 'yan PDP, kafin su dawo an gama, har Ekweremadu na PDP ya samu kujerar mataimaki. Wasu suna kiran wannan iya siyasa. Mu da muka tsaya a rana muka tsare akwati muna da wani sunan da muke kiransa. Daga PDP ka zo, ka ci abin da ka zo ci, a ƙarshen Yulin 2018 ka koma. Kuma a majalisar da kake jagoranta ne Shehu Sani ya fasa ƙwai cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata da sunan kuɗin gudanarwa ban da albashi, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000.

Shonga ma, manoma Turawa 13 da ka ɗauko daga Zimbabuwe ka ba kowannensu hekta 1,000 a ƙaramar hukumar Edu, har yau manomin Nupe da ke wurin tun kaka da kakanni yana da damar tambaya ko inuwar giginya aka dasa masa. Kuna yawan ambaton dokar rage shekarun takara da kuka yi a 2018, madalla, an ce ɗan shekara 35 zai iya neman shugaban ƙasa, sai dai a ina zai samo miliyan 40 ta fom in ba gidan su irin naku ba ne? Ɗalibai ma sun zauna gida daga 14 ga Fabrairu 2022 da ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta shiga yajin aiki.

Na san jam'iyyata ma tana da nata, a 2022 fom ɗinmu miliyan 100 ne, kuma fasinjojin jirgin ƙasan Kaduna da aka sace a watan Maris na shekarar sun daɗe a daji, ba sai an tuna min ba. Amma ba su nake rubuta wa yau ba, kai ne ka fito ka ce a ba ka ƙasar.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin zaɓen fid da gwani na PDP na ranar 28 ga Mayu 2022 ka fito ka faɗa wa jama'a nawa ka karɓa a ƙarƙashin dokar nan daga 2011 zuwa ranar da ka ce a dakatar, kuɗi da gida da motoci, kuma ko akwai abin da ka mayar wa baitulmalin Kwara. Kana da masu magana da yawunka, kana da shafin Twitter, BBC Hausa ma ba za su ƙi ba ka fili ba. Daliget ɗinku su ji lissafin kafin su jefa ƙuri'a, mu ma da ke ɗaya ɓangaren mu ji.

Na gode, ranka ya daɗe.

Wani mai zaɓe daga Arewa.