Sabon gizo ba a gane shi da hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na ga wani hoto yana yawo a WhatsApp, wai an gano sabon gizo-gizo mai dafi a cikin ayaba. Shekara 20 na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare, abin ya ba ni dariya.

Gizon da ake nufi, Phoneutria, tun 1833 wani masanin halittu Bajamushe mai suna Perty ya raɗa masa suna, gidansa kuwa Kudancin Amurka, musamman Brazil. Danginsa, Ctenidae, ba sa saƙa yana su zauna jiran ƙuda, yawon farauta suke yi da dare. Idanunsu takwas, jere uku: biyu, huɗu, biyu. Akwai 'yan uwansu a dazukan Afirka ma.

Kafin masani ya ce jinsi sabo ne, sai ya jiƙa gizon a giyar adana samfur, ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zana al'aurar namiji da ta mace, domin a nan bambancin yake, launi kan yaudari mutum. Sannan ya gwada da tsofaffin samfurori na gidajen tarihi, ya ajiye guda a matsayin shaida. Ɗalibaina kan tuntsire da dariya idan na zo wajen al'aurar nan.

Naku,
Tsohon malami daga Zariya