Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Masu Ciwon Daji

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

An yi tarukan wata-wata, da fuskokin nan dai da kuka sani.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne taronmu na Asabar ta biyu a Oktoba, ranar da duniya ta ware don majinyatan da cutarsu ta fi ƙarfin magani. Zaure ya cika har da na tsaye. Likitar da muka gayyata ta warware matakai uku na rage raɗaɗin ciwon daji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986: a fara da irin su farasitamol, in ciwo bai lafa ba a hau kodin ko tiramadol, in ya tsananta a ba da morfin. Ta nanata cewa morfin na sha kan lokaci ake ba da shi, duk bayan awa 4, ba sai majinyaci ya fara nishi ba, kuma a haɗa da maganin taurin bayan gida. Masu jinya da dama sun shigo da tsoron wai morfin jaraba yake sawa, sun fita hankalinsu a kwance. Ta kuma kawo maganar Cicely Saunders, likitar Birtaniya wadda ta buɗe St Christopher's, gidan kula da irin waɗannan majinyata, a Landan a 1967, cewa ciwo bai tsaya a jiki ba, har da fargaba da tunanin wa zai riƙe yara.

Mu masu zuwa dubiya mun shaida haka. Wanda raɗaɗi ya hana barci ba ya cin abinci, ba ya son ko gaisuwa. Ranar da aka daidaita masa magani sai ka ji ya ce a tashe shi zaune, a kira jikokinsa.

Katifu masu iska na hana gyambon kwanciya da muka yi alkawari ba a saya ba. Masu cewa kwamiti ya yi sakaci su zo su duba littafin ma'aji. Ɗan abin da ya shigo kuɗin motar masu dubiya ya cinye, kuma ba za mu bar majinyaci shi kaɗai don tara kuɗin katifa ba. Horar da sababbin masu sa kai ma ta tsaya, dalilin ke nan.

Na gaji da bin mutane kan kuɗin ƙungiya kamar mai bin bashi. Wasu har sun daina ɗaga wayata, amma ranar ɗaukar hoto su ne a sahun gaba. Za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a taro mai zuwa, kafin zaɓe.

Sakatare